Ku Ƙyale Mu Da Tsoronmu, Kallon Fim Ɗin Fatalwa Ba Jarumta Ba Ne

 

Wata sabuwar tiya ce samarinmu suka ƙero ta auna namiji, kuma a kanta nake son mu yi magana yau, ko da wasu za su ji haushi. Da can a gona ake gane namiji, ko a bakin rijiya, ko a filin kokowa. Yanzu kuwa a fada ake gane shi, bayan isha'i, shayi na bisa wuta. Wani zai zaro salula ya kunna fim ɗin tsoro, wanda ƴan lakwal ke ce wa «film d'horreur»: fatalwa ta fito daga rijiya, gawa ta tashi tana tafiya, yarinya ta murɗa wuyanta kamar mujiya. Sai a zuba ido, rabi ga fim ɗin, rabi ga fuskokin juna. Wanda ya fara runtse ido, ko ya ce bari ya je ya dawo, ya shiga uku. Sati guda ana yi masa dariya. A laƙa masa suna. Wani ma a ɗauki hotonsa daidai lokacin da ya zabura, a ɗora a WhatsApp, kartiye duka ta gani.

To ni dai bari in rage muku aiki. Ni ɗin nan da kuke jin muryata a rediyo, da gemuna da iyalina, ba na iya kallon waɗannan finafinai. Littattafansu ma ba na taɓa su da dare. In na kalli minti goma, barcin ranar ya tafi kenan, ko akuya ta goga jiki da ƙyaure sai gabana ya faɗi. Na san da akwai daɗi a cikin abin ga masu iyawa, don ina ganin yadda suke tashi suna dariya suna tafawa. Wannan daɗin ya wuce ni, kuma na haƙura. Abin da ban haƙura da shi ba shi ne a mai da wannan halitta tamu abin kunya, don kunyar nan ce ke zaunar da yara ƙanana gaban abin da zai bi su shekara da shekaru.

Mu fara da jiki. Mutum ba ya zama ya yanke shawarar jin tsoro. Likitoci sun ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da bai fi ƙwayar gujiya ba, suna ce masa amigdala. Shi ne mai gadin gida. Da ido ya hango abu mai kama da haɗari, ko kunne ya ji ƙara ba zato, sai mai gadin nan ya yi kururuwa tun hankali bai gama tantance mene ne ba. Jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, tafin hannu ya yi zufa, tsigar jiki ta tashi. Shi ya sa kake daka tsalle in ka taka igiya cikin duhu, sai daga baya ka gane ba maciji ba ne. A ƙasar kububuwa da kunama irin tamu kuwa, wanda ya yi tsallen banza sau goma ya fi wanda ya tsaya bincike sau ɗaya tsawon rai. Masu shirya fim sun san mai gadin nan sarai. Su bar ka cikin dogon shiru, su rage haske, sannan su watso maka fuska da ƙara lokaci guda. Sana'arsu kenan, kuma sun iya ta.

Sai dai mai gadin wani ya fi na wani saurin farkawa, kamar dai yadda baki ya bambanta wajen yaji. Wani zai ci kilishi ja wur yana neman ƙari, wani ɗan kaɗan ya sa shi hawaye. Ka taɓa jin an hana mutum aure don ba ya cin barkono? A ƙasar Danmak, masana na jami'ar Aarhus sun bi mutum 110 cikin wani gidan wasa da aka shirya musamman don tsoratarwa, suka ɗaura musu na'urar auna bugun zuciya, suka fitar da sakamako a 2020. Abin da suka gano shi ne daɗin yana ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani mizani, da an wuce nan kuma sai daɗin ya faɗi, wahala ta rage. Mizanin kowa daban ne. Ko a Amurka da ake yin finafinan, lokacin da The Exorcist ya fito a 1973, an yi ta ba da labarin mutanen da suka suma ko suka yi amai a gidajen sinima. Manya ne fa, da ƙafarsu suka je, da kuɗinsu suka shiga.

Su kuma masu cewa tsoro ragwanci ne, ina da tambaya. Alƙur'ani ya ba mu labari a Suratu Ɗaha, da Namli, da Ƙasasi cewa lokacin da sandar Annabi Musa (AS) ta zama maciji tana motsi, ya ji tsoro har ya juya baya, sai da Ubangijinsa ya kwantar masa da hankali. Shi ne kuma ya je ya tsaya gaban Fir'auna. Wa zai buɗe baki ya ce masa rago? Jarumi yana jin tsoro kamar kowa, ya danne, ya yi abin da ya wajaba. Jarumta tana wajen unguwarzoma da ake tasa ƙarfe biyu na dare ta ratsa gari da tocila. Tana wajen makiyayin da ke kwana shi kaɗai da raƙumansa a dajin Tesker, da direban da ke bin hanyar Diffa, da sojan da ke gadi mu muna minshari. Kai da ke kishingiɗe bisa tabarma da kofin shayi kana kallon jinin tumatir a salula, wane haɗari ka tara? Wa ka ceta?

Za su ce mini: haba malam, ai fim ne kawai, ƙarya ce. Nan ne nake ganin ba su yi tunani ba. Mai jin daɗin fim ɗin tsoro yana jin daɗinsa ne don akwai tazara tsakaninsa da abin. Bature a Faransa ya kalli Dracula, wanda Bram Stoker ya rubuta tun 1897, ya san a ransa babu wani mai shan jini da ke kwana cikin akwatin gawa. Ya kashe tele, ya kunna fitila, ya shiga makewayin da ke cikin ɗakinsa, ya kwanta. Mu fa? Mu mun yi imani da aljanu, sura guda ce sukutum a Alƙur'ani da sunansu. Mun tashi muna jin labarin mayu, da kurwa, da Doguwa, da tsamiyar da ba a bi ƙarƙashinta da tsakar rana. Abin da fim ya nuna ya zo ya tarar da gurbinsa a shirye cikin zuciya.

A lise mushenmu na Faransanci ya sa mu karanta Le Horla na Maupassant, na 1887: labarin mutumin da ke jin wani abu marar ganuwa yana hawa ƙirjinsa cikin barci, yana shanye masa ruwa da madarar da ya ajiye. Littafin darasi ya ce mana hoton taɓin hankali ne. Mu kuwa a aji kallon juna muka yi, don kowa ya san sunan abin: dannau. Shafi ɗaya ne, amma wanda ya karanta shi a Faransa da wanda ya karanta shi a Muniyo ba abu ɗaya suka karanta ba.

Yanzu ɗauki yaro ɗan shekara takwas a nan Gure. Ya ba da dala biyar ko dala goma ya shiga gidan kallo, ko ya raɓa bayan yayyensa a fada. Fim ya ƙare ƙarfe goma sha ɗaya. Wuta ta ɗauke. Zai bi lungu cikin rairayi shi kaɗai, ya wuce kango, ya wuce inuwar bedi tana kaɗawa, wataƙila ma ya gifta ta gefen maƙabarta. Makewayi na can ƙarshen gida, babu fitila. Duk abin da ya gani a allo, ga shi nan a hanyarsa: duhu, kango, rijiya, kukan mujiya. Ina tazarar take? Sannan ba shi da bakin faɗa wa kowa, don ya ga abin da aka yi wa wanda ya runtse ido. Sai ya haɗiye. Sai fitsarin kwance ya dawo, a yi masa duka. Sai ya riƙa gyangyaɗi a aji, mushe ya ce malalaci ne. Sai ya riƙa firgita cikin dare, a ce iska ce, a kai shi wajen mai magani a kashe kuɗin da babu. Ba wanda ya tambaye shi: me ka kalla jiya?

Wannan ba zancen baka ba ne. A 1999 wasu masana biyu a Amurka, Kristen Harrison da Joanne Cantor, sun tambayi ɗaliban jami'a sama da 150 a jihohin Michigan da Wisconsin game da abin da suka kalla suna yara. Kusan 90 cikin 100 sun ce akwai fim ko shirin da ya taɓa firgita su sosai. Fiye da rabi sun ce ya taɓa musu barci ko cin abinci. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuma sun ce har lokacin da ake tambayarsu, sun girma sun shiga jami'a, tsoron bai gama sakinsu ba. Ita Cantor ɗin ta nuna cewa ƙaramin yaro siffa ce ke tsorata shi, mummunar fuska ko halittar da ta rikiɗe, kuma ce masa «ƙarya ce» ba ya yi masa wani amfani, don hankalinsa bai kai ga raba su ba tukuna. Shi ya sa kuke ganin ƴan lambobi a kusurwar allon Canal: 10, 12, 16, 18. Masu nuna fim ɗin da kansu sun ce kar a nuna wa yaro. Mu kuma mai tura finafinai a bakin kasuwa zai cika wa ɗan firamare katin memori da duk abin da ya ga dama, tun daga na Amurka, da na matsafan Najeriya, har na Indiya da aka fassara da Hausa, waɗanda yanzu yaro ke jin kowace kalma da fatalwa ta faɗa cikin harshen uwarsa.

Wani dattijo zai ce: yo mu ma ai da Dodo muka tashi, me ya same mu? Gaskiya ne baba, amma a tuna yadda ake yin tatsuniya. Kaka ce ke yi, yaro na jingine da cinyarta, ƴan uwansa na kewaye. Tana kallon fuskarsa. In ta ga ido ya raina fata sai ta sassauta, ta jawo Gizo ya yi wata wauta a yi dariya. Dodo kuma a ƙarshe ana cin galabarsa, cikinsa ya fashe, waɗanda ya haɗiye su fito. In ta gama ta rufe da ƙurunƙus, har ta shaida wa yara da bakinta cewa zance ne na Gizo. Tsoro ne da aka auna da cokali, mai ƙofar shiga da ƙofar fita. Salula ba ta kallon fuskar kowa. Kuma yawancin finafinan nan da gangan ake ƙare su fatalwar ba ta mutu ba, don a sayar da kashi na biyu. An buɗe wa yaro ƙofa an tafi an bar ta a buɗe.

Kar kuma a ce ba a iya taɓa zancen iskoki a fim sai da feshin jini. Namu na gida, Moustapha Alassane, ya yi Toula tun 1973, labarin yarinyar da aka sadaukar ga aljanin ruwa lokacin fari. Ka kalla ka tashi da tunani a kan fari da mulki da al'ada, ba da ciwon kai ba.

Akwai wata ɓarna kuma da ta wuce rashin barci. Ku lura da wa ake nunawa a matsayin mugu cikin finafinan maita: tsohuwa mai jan ido, gurgu, bebe, maraya. A 1999 an fitar da wani fim a kudancin Najeriya mai suna End of the Wicked, wanda ya nuna yara ƙanana suna tashi cikin dare suna taron maita suna halaka iyayensu. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna zargin cewa ya ƙara rura wutar jifan yara da maita a yankin Akwa Ibom, inda aka kori yara da dama daga gidajensu, aka azabtar da wasu, har jihar ta kafa doka a 2008 da ta haramta yi wa yaro wannan ƙazafi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma nan mun san wa ake nuna wa yatsa in jariri ya yi zazzaɓi: tsohuwar da ba ta da ɗa namiji tsayayye, wadda hayaƙin murhu na shekara hamsin ya jajanta wa ido. Mun kuma san yadda ihun ɗaliba ɗaya ke watsa kolej guda a ƙasar nan, a ce aljanu sun sauka. Jama'ar da take haka, a ce abin da za a ɗura wa ƴaƴanta kowane dare shi ne wannan?

Na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai. Tiyar nan ba ta tsaya ga fim ba. Tun ranar 6 ga Fabrairun 2015 da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, mu mutanen Gure mun ga motoci bisa babbar hanya shaƙe da katifu da yara sun nufi Damagaram. A cikinmu yau akwai waɗanda suka ga abin da idonsu, akwai matan sojoji, akwai marayu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma duk da haka, da an yi hari ko hatsarin mota, kafin a sanar da dangi bidiyon gawarwaki ya riga ya zagaye gurup-gurup, wai har da rubutun «mai ƙaramar zuciya kar ya buɗe». Ka ji fa! Wato buɗewar ce ta zama gwaninta. Wancan da ke kwance ɗin ba ɗan wasa ba ne, ba zai tashi ya wanke fuska a biya shi ba. Ɗan wani ne, mijin wata ne, kuma wataƙila uwarsa na cikin gurup ɗin. Idan kawar da kai daga wannan shi ne ƙaramar zuciya, Allah ya bar mu da ƙaramar zuciyarmu. Zuciyar da ke razana in ta ga jinin ɗan Adam lafiyarta ƙalau. Wadda ta daina razana ita ce ke buƙatar magani.

Ban ce a hana ba, kar a juya mini magana. Kai baligi, in abin na yi maka daɗi, ga ka ga salularka, sa abin kunne ka sha kallo, ba mai ce maka kanzil. Roƙona huɗu ne, kuma ba wanda zai ci ko dala.

Masu gidajen kallo da masu tura finafinai, ku ma iyaye ne. Irin waɗannan finafinai ku ware su, ku daina ba yara. In yaro ya zo da kati, zuba masa ƙwallo, da barkwanci, da zane-zanen yara. Cinikinku ba zai ragu ba.

Manyan fada, ku ne ƙannenku ke kwaikwayo. In za ku kunna, ku kori ƙananan tukuna. In wani a cikinku ya ce shi ba ya so, ku matsa masa tabarma gefe ku miƙa masa shayinsa. Kuma a daina ɗaukar hoton mutum yana firgita, wulaƙanci ne.

Masu riƙe da gurup, duk wanda ya turo gawa a goge, a ja masa kunne. Ya sake, a fitar da shi, ko wane ne.

Iyaye, mu riƙa duba abin da ke cikin salular da muke miƙa wa yara don su bar mu mu huta. In yaro ya fara ƙin fita fitsari da dare, ko ya dawo shimfiɗar uwarsa bayan ya daɗe da barinta, a ajiye bulala a tambaye shi a hankali me ya gani. Kar a yi masa dariya. A raka shi da tocila ya ga babu komai bayan randa, a karanta masa Falaƙi da Nasi, a bar shi ya kwana kusa da mutum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma ake karya shi.

Ku kuma ƴan uwana masu saurin firgita, maza da mata, ku daina zama kuna cije haƙori don gudun dariya. Ba bashi kuka ci ba. In an kunna, ka ce «ni ba na kallon wannan», ka ɗauki takalminka. Dariyarsu ta kwana biyu ce, barcinka kuwa naka ne. Kuma ka sani akwai ƙaramin yaro a gefen tabarmar da ke jiran ya ga babba ɗaya ya tashi, don shi ma ya samu ƙafar tashi.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu barci mai daɗi. Wassalam.